Takardar da Aka Ɓoye a Bayan Madubi

Allurai uku ne a bakina ranar da labarin ya iso ni. Ina durƙushe gaban wata amarya a shagon ɗinkin da nake aiki a titin Pico, ina kama mata bakin riga, wayata tana ta rawa a kan keken ɗinki. Ban kula ba. A kira na huɗu mai shagon ta miƙo min ita, ta ce, "Nazila, ɗauki. Wannan ba kiran banza ba ne."

Wata mata ce daga kantin maganin da yayata Mahin take aiki. Ta ce Mahin ta faɗi a wajen ajiye motoci da makulli a hannunta. Jijiya ce ta fashe mata a ka. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Na tofar da alluran a tafin hannuna, na dubi amaryar na ce, "Kar ki motsa, rigar za ta karkace." Abin da ya fito daga bakina ke nan, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ku da kuke karantawa, ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi karatu mai nisa ba. Ina shekara goma sha uku muka bar Shiraz, muka yi shekara biyu a Vienna muna jiran takardar shiga Amurka. Da muka iso Los Angeles na zauna a aji wata shida ban gane komai ba, sai na kama allura. Mahin ce mai karatun gidanmu. Yanzu shekarata talatin da ɗaya, ban yi aure ba, kuma a wajen Yahudawan Iran na unguwarmu wannan ciwo ne da ya fi hawan jini.

Mahin ta bar 'ya ɗaya, Orli, shekararta goma sha biyar. Uban yarinyar ya daɗe da barinsu. Ta kuma bar ƙara a kotu, kuma a kan ƙarar nan nake son in ba ku labari.

A makarantar gwamnati da Orli take, akwai darasin tarihin ƙabilu. Ba mu ƙi darasin ba. Mahin ma ta yi murna, ta ce ƙila a karon farko a ambaci irinmu. Wata rana malamar ta raba allo biyu, ta rubuta masu danniya a gefe, waɗanda ake dannewa a gefe, ta ce kowa ya je ya tsaya inda danginsa suke. Orli ta tsaya tare da 'ya'yan 'yan gudun hijira, ta ce kakanninta da akwati biyu suka tsero. Malamar ta ce a'a, Yahudawa Turawa ne masu ƙarfi, ta koma ɗaya gefen. Yarinyar da fatarta ta fi ta malamar duhu! Ta tsaya ita kaɗai a can har aka tashi. Mako na gaba aka haska musu zane a bango, wani hannu mai tauraronmu na Yahudawa yana riƙe da zare, yana juya shugabanni kamar 'yan tsana. Ƙawarta Salma, 'yar Masar, ita ta ɗauki hoton a ɓoye ta turo mata, ta rubuta, "Wannan ba daidai ba ne, ki nuna wa mamanki." Daga ranar samari suka fara jefa wa Orli kwabbai a ƙafa idan ta wuce, suna jira su ga ko za ta sunkuya, wai Bayahude ba ya barin kuɗi.

Ni ban san siyasa ba. Na dai san yarinyar nan ba ta taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba.

Sau uku Mahin tana zuwa makarantar. Ta roƙi a nuna mata takardun darasin, aka ce ana dubawa. Aka sa taron iyaye a kan maganar, sai aka ɗora shi a ranar babban azuminmu, ranar da ko ruwa ba ma sha, balle mu shiga mota. Shi ne ita da wasu iyaye uku suka ɗauki lauya, wata doguwar mata mai suna Rosalin, suka shigar da ƙara ba tare da sunayensu ba. Alƙali ya ce manya sai sun fito da sunayensu na gaskiya, ko ya kori ƙarar. Ukun nan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mahin ta ce ita za ta sa hannu. Ranar Litinin ta rasu, ba ta kai ga sa hannun ba.

Talata aka binne ta. A maƙabarta malamin majami'armu ya tsaga mana wuyan riga da reza, ni da mahaifiyarmu, da muke ce wa Maman, ta dama, Orli ta hagu wajen zuciya, don ita uwa ta rasa. Muka dawo gidan Mahin muka zauna a ƙasa na kwana bakwai. Aka rufe madubai da zannuwan gado, aka kunna kyandir, mata suka yi ta shigowa da dafaffen ƙwai da alawar fulawa mai ruwan wardi. Mai makoki ba ya aiki, ba ya girki, ba ya fita. Sai dai a yi masa komai.

Wanda ya yi mana komai shi ne Siamak.

Siamak yana da shagon tabarau a Encino. Shekararsa arba'in, gashinsa ya fara gudu daga goshi, yana da sanyin murya. Wata biyu kafin rasuwar ya zo neman aurena da furanni, mahaifiyarsa Khanum Pari ta kawo yadin siliki ruwan zuma, ta ɗora min a cinya, ta ce in ɗinka rigar baiko. Na riga na yanka yadin. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Yakan cire min tabarau daga fuska ya goge da gefen rigarsa, ya ce, "Yanzu dube ni da kyau, kar ki ce an cuce ki." A makokin nan shi ya kawo kujeru, shi yake tattaro maza goma safe da yamma don a yi addu'a, shi yake kai Maman bayan gida idan ƙafarta ta riƙe. Rana ta biyu ya ga wayata tana damuna da saƙonnin ta'aziyya, ya miƙo hannu, ya kira ni da sunan lallashi.

"Kawo nan, Nazi jan. Ke ki yi kukanki, ni zan amsa wa mutane."

Na ba shi. Har godiya na yi masa.

Safiyar rana ta bakwai, Litinin, malam ya ce mu tashi. Muka zagaya layin sau ɗaya kamar yadda ake yi, muka dawo. Baƙi suka watse. Na shiga falo na kama zanen da ke kan babban madubin Mahin, na fizge. Wani abu ya zamo daga tsakanin madubin da bango, ya faɗo a kan ƙafata.

Ambulan ne fari, babba, da sunana a jiki. An riga an farke bakinsa.

"Orli, zo ki karanta min wannan."

Ta zo da rigarta yagaggiya, idanunta sun kumbura. Ta karanta a ranta tukuna, sannan ta kira ni Khale, wato ƙanwar uwa.

"Khale, daga lauyar Mama ne. Ta ce Mama ta rubuta sunanki, ke ce mai riƙona idan ba ta. Ta ce alƙali ya ƙara mana kwanaki saboda rasuwar, amma ranar ƙarshe Talata ce. Idan ba ki sa hannu ba, ƙarar ta mutu."

"Wace Talatar?"

"Gobe."

"Yaushe aka kawo?"

Ta duba. "Tun Laraba."

Maman tana kicin tana kankare tukunyar da ba ta da datti. Na ajiye ambulan ɗin a gabanta. Ba ta ɗago ba.

"Maman, madubi ne ya haɗiye wannan da kansa?"

"Ki rage murya, gidan mutuwa ne."

"Na ce wa ya sa shi a can?"

"Ni na sa. Sai me? Inda babu mai dubawa har kwana bakwai na sa shi. Da za a yi zaman kwana tara ma da na fi so."

Na tsaya ina kallonta. Sai wani abu ya faɗo min a rai. Maman ba ta karanta Turanci. Ko takardar wuta sai an karanta mata.

"Wa ya gaya miki abin da ke ciki?"

Ta ci gaba da kankare tukunya.

A daidai lokacin aka buɗe ƙofa. Siamak ne, ya zo kwashe kujeru, da burodi mai zafi a hannunsa, yana ce wa Maman, "Khanum Turan, na samo miki mai riɗin nan da kike so."

"Ba ni wayata," na ce.

Ya dubi ambulan ɗin, ya dubi Maman. Kunnuwansa suka yi ja. Ya zaro wayar daga aljihu, na miƙa wa Orli. Minti ɗaya ba ta yi ba ta tono saƙonnin daga inda aka goge su. Ta karanta da ƙarfi.

Lauya Rosalin ta rubuto ranar Alhamis: "Nazila, ina miki ta'aziyya. Na san kuna zaman makoki, ba na son in shigo muku da maganar kotu. Amma na aiko da takarda. Ki kira ni ko na minti biyu ne."

A ƙasa ga amsa, da sunana: "Na gode. Mun yi shawara a gida, ba za mu ci gaba ba. Don Allah kada ki sake nemana."

Jama'a, a ranar Alhamis ɗin nan ina zaune a ƙasa ina rungume da takalmin Mahin. Shi kuma yana tsaye a baranda yana binne ta karo na biyu da wayata.

"Nazi jan, zauna in miki bayani."

"Kwana bakwai ina zaune. Yi bayaninka a tsaye."

"Ba ki san mutanen nan ba. Sunanki zai fita a intanet cikin awa ɗaya. Za su nemo shagonku, za su nemo hotonki, za su kira ki da sunayen da ba ki taɓa ji ba. Mahin tana da digiri, ta iya mayar da magana. Ke fa? Lauyansu zai zaunar da ke ya yi ta juya ki da Turanci har ki manta sunan ubanki."

"To jahila ce ni. Shi ya sa ka zama bakina?"

"Ban ce jahila ba."

"Ka goge min tabarau, ka goge min saƙo. Me ya rage ka goge, Agha Siamak?"

"Don Allah dai! Kare ki nake yi. Kuma Maman ɗina ta ce..."

"Ƙarasa mana. Khanum Pari ta ce me?"

"Ta ce ba ta son suruka da sunanta yake yawo a jarida. Tsohuwa ce, tsoro take ji. Dukkanmu tsoro muke ji, Nazila. Laifi ne?"

"Tsoro ba laifi ba ne. Sata ce laifi."

Nan Maman ta buga tukunyar a kan murhu har murfin ya faɗi.

"Ni na sa shi! Idan zagi za ki yi, ni za ki zaga. Ke kina goye lokacin da ubanki ya sa hannu a takarda, me kika sani? A Shiraz aka ce makarantar yaranmu sai ta buɗe ranar Asabar, ranar hutun addininmu. Maza goma sha ɗaya suka rubuta koke, cikin ladabi, da gaisuwa da komai. Ubanki ne na farko a layi, don rubutunsa ya fi kyau. Wata huɗu ban san inda yake ba. Ya dawo babu haƙoran gaba, kuma har ya mutu idan aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ya shige bayan labule. A kan makaranta, Nazila! A kan darasin yara! Yanzu ga Mahin, wata takwas ba ta barci saboda takarda, tana nan kwance a ƙasa. Na ba takarda miji, na ba ta 'ya. Ba zan ba ta ta uku ba."

Ban taɓa jin maganar haƙoran ba. Mu an ce mana faɗuwa ya yi daga tsani. Da a nan maganar ta tsaya, wallahi da na mayar da ambulan ɗin bayan madubi da hannuna.

"Nan ba Shiraz ba ne, Maman," na ce, amma muryata ba ta da ƙarfi.

"Ko'ina Shiraz ne idan ranar ta zo. A cire yarinyar a kai ta makarantarmu ta Yahudawa, a rufe maganar."

"Ni fa babu wanda ya tambaye ni."

Orli ce. Tana jingine da firij, wayata a hannunta. Ta dubi kakarta.

"Maman bozorg, kin ce a cire ni. To Eitan ɗan Yahudawan da ke zaune a ƙasanmu fa? Baɗi shi zai shiga ajin. Shi ma a cire shi? Ranar da aka ce in koma ɗaya gefen allon, na koma. Ban ce komai ba, don haka kuka koya min, a yi shiru a wuce. Minti arba'in ina tsaye ni kaɗai. Da na gaya wa Mama, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ɗauki makullin mota." Ta juyo gare ni. "Khale, ba dole ki sa hannu ba. Ko kin sa ko ba ki sa ba, jibi zan koma ajin. Kawai ki gaya min da bakinki. Ba da wayarki ba."

Na ɗauki jakata.

"Da wannan rigar za ki fita?" in ji Maman. "A yage? Kwana bakwai ba ki canza ba!"

"Da ita."

Siamak ya sha gabana a bakin ƙofa. "Idan kin ƙi ji, aƙalla bari in kai ki."

"Ka kai kujeru. Su ne ba su da baki."

Bas biyu muka hau ni da Orli zuwa titin Wilshire. Lauya Rosalin ta ga wuyan rigunanmu, ta miƙe tsaye. Da na gaya mata ba ni na rubuta saƙon ba, ta cire tabaranta ta dafe goshi. Ta ce saura kaɗan ta sanar da kotu mun janye. Ba ta yaudare ni ba. Ta ce za mu iya faɗuwa. Ta ce makarantar za ta ce malami yana da 'yancin koyar da abin da ya ga dama, kuma shari'ar za ta iya cin shekara biyu. Ta ce sunan Orli ba zai fito ba don yarinya ce, amma nawa zai fito a shafin farko.

"Me kike so kotu ta yi miki?" ta tambaye ni. "Za su tambaye ki, gara ki fara faɗa min."

"Ban ce a soke darasin ba. A cire zanen nan. A nuna wa iyaye abin da ake koyarwa. Kuma kada a sake tsayar da yaron kowa a gefen allo, ko namu ko na wasu."

"Haka za ki faɗa, kar ki ƙara ko kalma."

Ta nuna min wurare huɗu. Na ɗauki biro. Na rubuta Nazila Yashar, harafi bayan harafi, kamar 'yar aji ɗaya. Rubutuna bai kai na Baba kyau ba, amma ana karantawa.

A abu ɗaya dai Siamak ya faɗi gaskiya. Bayan kwana uku aka fara kiran shagonmu. Wani ya ce a gaya wa mai ɗinkin nan ta koma inda ta fito. Mai shagon, 'yar Guatemala, ta ce masa, "Wacce daga cikinmu? Layi za ka bi," ta kife wayar. Amare biyu sun kwashe rigunansu. Khanum Pari ta aiko a karɓo mata yadinta. Na naɗe shi yadda yake, hannu daban, gaba daban, baya daban, da allurai a jiki, na sa a leda na bayar.

Shi kuwa har yanzu yana turo saƙo. Na jiya ya ce, "Na yi kuskure. Ina tsoro ne kar in rasa ki. Ki bari in zauna a bayanki ranar kotu, ko ba za ki yi min magana ba." Na karanta sau biyar. Ban amsa ba, ban kuma goge ba. Duk Juma'a ina tarar da burodi mai riɗi a rataye a ƙofa. Orli ce take cinyewa. Wasu cikinku za su ce in yafe, mutumin kirki ne. Na san mutumin kirki ne. Abin da yake ƙona min rai ke nan. Da mugu ne ya yi min, da tuni na manta da shi.

Yanzu mu uku muke zaune a gidan Mahin. Ni da Maman muna gaisawa, muna cin abinci a tebur ɗaya, amma tun ranar ba mu sake ɗaga maganar ba. An sa mana ranar tara ga wata mai zuwa a gaban alƙali. Na rubuta a jikin firij da jan biro, ta wuce kamar ba ta gani ba.

Kowace safiya kafin in fita aiki, sai na tsaya a falo na zura hannu tsakanin madubin nan da bango. Na san babu komai, amma hannun ba ya jin magana. Kullum ƙura nake fitowa da ita. Shekaranjiya yatsuna suka taɓa takarda. Na ce yau kuma me aka ɓoye min. 'Yar guntuwa ce, an yage ta daga kwalin shayi, da rubutun Maman na Farisanci, layi ɗaya a karkace: "Wace irin riga ake sawa a kotu?"

Ban ba ta amsa ba tukuna. Ina fushi har yanzu. Amma na auna tsohuwar rigarta mai ruwan toka da ido, na ga sai an rage mata kafaɗa.

Yau da safe ma na zura hannun.